Tarin Shiƙa da Fararen Ƙwayoyin Jinin Yaro

A unguwa irin Gomari, kusa da filin jirgin sama na Maiduguri, jama'a sun ƙaru ƙwarai tun lokacin da rikici ya fara koro mutane daga ƙauyukan Barno bayan shekarar 2009, har ya zama yara da yawa suna kwana a ɗaki ɗaya. Irin wannan zama shi tarin shiƙa yake so, domin ta iska yake bi daga bakin mai tari zuwa hancin na kusa da shi. Wata ƙwayar cuta ce take kawo shi, wadda masana biyu, Bordet da Gengou, suka ware a ƙasar Beljiyam a 1906. Yakan fara kamar mura na mako ɗaya ko biyu, sa'an nan tarin ya tsananta, yaro ya riƙa yinsa ba ƙaƙƙautawa har ya shiƙe ko ya yi amai. Jariri kuwa sau da yawa ba ya ko shiƙar, sai dai numfashinsa ya ɗauke.

A cikin jinin kowane mutum akwai fararen ƙwayoyi, su ne masu tsaron jiki. Waɗansu suna haɗiye ƙwayar cuta nan take. Waɗansu kuma, da likitoci ke kira limfosait, aikinsu shi ne su gane cutar, su ƙera makamin da ya dace da ita, su kuma riƙe kamanninta don gaba. Waɗannan ba sa zama cikin jini kullum, sukan fita su shiga kaluluwa, inda ake shirya yaƙin. Shi ya sa kaluluwa take kumbura idan mutum ya ji ciwo a ƙafa.

To, a nan ne makircin tarin shiƙa yake. Ƙwayarsa tana fitar da wani dafi wanda yake toshe wa limfosait hanyar fita, sai su taru cikin jini jingim, ga yawa amma ba aiki. Jariri lafiyayye yakan sami fararen ƙwayoyi kamar 6,000 zuwa 17,000 a ɗigon jini mai girman kan allura, amma idan cutar ta yi tsanani sukan wuce 50,000, wani lokaci har 100,000. Idan sun kai haka sai su cunkushe ƙananan hanyoyin jini na huhu, zuciya ta yi ta turawa har ta gaza. Watau masu gadin gida su ne suka tare ƙofa. Wannan yana cikin manyan dalilan mutuwar jariran da ba su kai wata uku ba, kuma saboda shi ne likita yake neman a auna jinin jariri mai irin wannan tari. Cire belu wurin wanzami ba ya taɓa wannan dafi ko kaɗan, sai dai ya ƙara wa yaro rauni da zubar jini.

Allurar riga-kafi tana nuna wa fararen ƙwayoyin abokin gaba tun kafin ya iso. Wadda ake yi a Nijeriya tana ɗauke da ƙwayar cutar ɗungurungum, amma matacciya, irin wadda mata biyu, Kendrick da Eldering, suka gwada a Amurka cikin shekarun 1930. Tun 2012 aka fara haɗa ta cikin allurar Penta, mai tsare yaro daga cututtuka biyar, har da mashaƙo wanda ya yi ɓarna a Kano da Yobe da Barno a 2023. Ƙasashen Turai da Amurka sun koma ga wata iri mai ɗauke da ɓangarorin ƙwayar kawai, wadda ba ta cika sa zazzaɓi ba, sai dai an gano ƙarfinta ya fi saurin raguwa.

Ana yin allurar sau 3: yaro yana da mako 6, da mako 10, da mako 14, kyauta ne kuma a asibitocin gwamnati. Ta farko gabatarwa ce kawai, ta biyu da ta uku su ne suke sa limfosait su yawaita, makamansu su yi kaifi, su kuma daɗe ba su manta ba. Uwaye da yawa sukan fasa komawa don sun ga jikin yaro ya yi zafi ko cinyarsa ta ɗan kumbura bayan ta farko. Wannan kuskure ne, gama zafin nan alama ce fararen ƙwayoyin sun kama aiki, kuma yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda aka yi wa ɗaya aka tsaya, a kai shi da katinsa a ci gaba daga inda aka tsaya, ba sai an sake daga farko ba.

Jaririn da bai kai mako 6 ba, tsaronsa yana hannun mutanen gidan: a tabbata an yi wa yayyensa allura, a nisanta shi da mai tari. Idan kuwa tari ya kama shi, ko aka ga leɓunansa sun canja launi, a kai shi asibiti a ranar, domin magani ya fi aiki a kwanakin farko.