Yadda Ake Gane Matsayin Wuri a Doron Ƙasa

Kwatance irin na baka, kamar a ce gari kaza yana gabas da kogi kaza, yana amfani ne ga wanda ya riga ya san kogin. Don haka masana labarin ƙasa suka ƙirƙiro layuka iri biyu a kan taswira, na kwance da na tsaye, waɗanda ake aunawa da digiri.

Layukan kwance, wato latitud, suna nuna nisan wuri arewa ko kudu da Ikwaita, layin da ya raba duniya gida biyu. Ikwaita ita ce digiri 0, ƙarshen duniya na arewa da na kudu kuwa digiri 90 ne kowanne. Tsakanin digiri ɗaya da mai bi masa akwai kimanin kilomita 111.

Sai dai lamba ɗaya ba ta isa ba. Kano da Njamena, babban birnin Chadi, duk suna wajen digiri 12 arewa. Abin da ya bambanta su shi ne layukan tsaye, wato longitud, masu nuna gabas ko yamma. Kano tana kan digiri 8 da rabi gabas, Njamena kuwa 15.

A nan akwai abin lura. Juyawar duniya ce ta tsayar da Ikwaita, amma mafarin layukan tsaye zaɓin mutane ne kawai. A shekarar 1884 wakilan ƙasashe 25 suka taru a Washington, suka amince da layin da ya bi ta Greenwich a Landan, domin mafi yawan jiragen ruwa na lokacin da taswirarsa suke aiki. Layin nan ya ratsa garin Tema na ƙasar Gana kafin ya faɗa teku.

Duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, wato minti 4 ke nan ga kowane digiri. Tsakanin Kano da Njamena akwai digiri 6 da rabi, saboda haka rana kan faɗi a Njamena kimanin minti 26 kafin ta faɗi a Kano, ko da yake agogonsu ɗaya ne. Mai azumi a Njamena ya sha ruwa, na Kano bai ji kiran sallar magariba ba tukuna.