DARASI: RUƁEWAR GINDIN RUKUƁU DA LALO A LAMBU

'Yan'uwa manoma, dukanmu mun san rukuɓu da lalo da gasaya. Ba mai shuka su a da. Da ruwan fari ya sauka sai su tsiro a bola, da bayan gida, da gefen gona, mata su tsinko su yi miya ko kwaɗo tun amfanin gona bai nuna ba. Yanzu kuwa ganyayen nan sun sami kasuwa, har waɗansu ƙungiyoyinmu suna tara irinsu suna shukawa a lambu tare da alayyahu. To, a nan ne wata matsala take ɓullowa. Mutum ya shuka, iri ya tsiro da kyau, bayan 'yan kwanaki sai ya tarar tsiron ya kwanta wuri-wuri kamar an zuba masa tafasasshen ruwa.

Me ke kawo wannan?

Ba tsutsa ba ce, ba kuwa mugun iri ba ne kullum. Cutar tana cikin ƙasa. Kun san funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Akwai danginta da ke zaune cikin ƙasa, ido ba ya ganinsu sai sun yi ɓarna. Uku ne suka fi damunmu:

1. Fitiyum. Wannan yana son ƙasa mai jiƙe sharkaf, gama ƙwayoyinsa suna iyo cikin ruwa daga saiwa zuwa saiwa. Gindin tsiro yakan yi laushi, ya sirance kamar zare, ya faɗi. Masana yanzu sun ware shi daga funfuna ta ainihi, shi ya sa ba kowane maganin funfuna ke kashe shi ba.

2. Rizoktoniya. Yakan yi wa kara busasshen miki mai launin ƙasa-ƙasa daidai inda ya taɓa ƙasa.

3. Sikilerotiyum. Yakan kama manyan shuke-shuke ma. Za ka ga farin abu kamar auduga a gindi, da 'yan ƙwayoyi zagayayyu masu launin ƙasa-ƙasa, girmansu kamar irin alayyahu ko su ɗan fi. Ƙwayoyin nan suna iya zama da rai cikin ƙasa shekaru. Yana kama tumatir da gyaɗa da wake kuma.

Wani zai ce, ai rukuɓun daji ba ya ciwo. Yana yi, sai dai ba ma lura. A daji yana tsirowa ɗaya nan ɗaya can, iska tana ratsa shi, ƙasa tana bushewa. A lambu kuwa mu ne muke cunkusa shi, mu ba shi ruwa safe da yamma, mu maimaita shi a wuri guda kowace shekara. Watau da hannunmu muke shirya wa cutar wurin zama.

Idan cutar ta riga ta shiga

Tsiron da ya faɗi ba shi da magani. Aikinmu shi ne mu ceci sauran.

Ka cire waɗanda suka kamu tare da ƙasar gindinsu, har da na kewaye da su kamar tafin hannu. Ka zuba a bokiti, ka kai nesa ka ƙone. Kada ka jefa su cikin ramin taki.

Ka rage ban ruwa, ka bar saman ƙasa ya sha iska kafin ka sake ba shi. Ka buɗe hanya domin ruwan da ya kwanta ya fita, amma kada ya bi ta cikin fangali mai lafiya.

Ka rage tsiro inda ya yi kauri. Ka wanke fartanya da hannuwanka kafin ka taɓa wani fangali.

Kada ka yi saurin fesa magani a kan ganyen da za a tsinka cikin mako uku ko huɗu. Wannan abincin 'ya'yanmu ne. Ka fara neman shawarar malamin gona.

Rigakafi

Wuri. Da damina kada a yi fangali mai zurfi. A ta da kunya mai faɗi, tsayinta inci 6 zuwa 8, a inda ruwa ba ya kwanciya.

Gasa ƙasa da rana. A shekarar 1976 wani masani a Isra'ila, Yaakov Katan, da abokan aikinsa suka bayyana wannan dabara. Ana kaftar ƙasa, a farfasa hoge, a jiƙa ta sosai, a shimfiɗa farar leda wadda ake ganin ƙasa ta cikinta, a binne gefunanta, a bar ta mako 4 zuwa 6. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashin ledar yana kashe yawancin cutar da ke saman ƙasa. A wurinmu Maris da Afrilu ne lokacinsa. Bayan an ɗauke leda kada a yi kaftu mai zurfi, domin kada a tono ƙasar da ba ta gasu ba. Wanda ba shi da leda ya tara kara a kan wurin renon iri ya ƙone, kamar yadda iyayenmu suke yi.

Taki. A sa wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin shanu da ɗanyar ciyawa suna ciyar da funfuna.

Shuka. Irin rukuɓu ƙanana ne ƙwarai. A gauraya cokali ɗaya na iri da cokali goma na busasshen yashi, a shuka a layi, inci 8 tsakanin layi da layi. Kada zurfin ya wuce rabin inci. A tara iri daga uwa mai lafiya kaɗai.

Maganin iri. Garin da ake cuɗa iri da shi mai ɗauke da metalaksil, kamar Apron Star, yana tsare tsiro daga Fitiyum a kwanakin farko. A bi awon da aka rubuta a jikin fakiti. Guba ne: a wanke hannu, a ɓoye wa yara da kaji.

Ruwa. A ba shi da safe, domin gindin tsiro ya bushe kafin dare.

Sauya shuka. Inda aka ga farar audugar nan, a shuka dawa ko gero shekara biyu ko uku kafin a komo da ganye. Kada a bi bayansa da tumatir, ko gyaɗa, ko wake.

Aikin ƙungiya

Leda tana da tsada ga mutum ɗaya, amma ƙungiya tana iya saye, a gasa wurin renon iri guda domin kowa. A zaɓi mutum biyu su riƙa zagaya fangalai kowace safiya cikin mako biyu na farko, gama a lokacin ne cutar ta fi kisa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A lambun wa aka taɓa ganin tsiro ya kwanta haka? Me aka shuka a wurin bara?
2. Ina ne ruwa yake kwanciya a lambunmu?
3. Nawa kowa zai bayar domin a sayi leda kafin watan Maris?