Waziri Giɗaɗo ɗan Laima da Aikin Jakadanci a Daular Sakkwato

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi rayuwar Waziri Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima a matsayinsa na ɗan siyasa kuma jakada. Manufarta ita ce nuna cewa hulɗar jakadanci mai tsari ta kafu a ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawan mulkin mallaka. An ɗauki mu'amalarsa da Baturen Ingila Hugh Clapperton a matsayin ma'auni.

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa idan aka ambaci tarihin jakadanci a ƙarni na 19, hankali kan koma ga Turai, ga mutane irin su Karl Nesselrode wanda ya riƙe harkokin wajen Rasha daga 1816 zuwa 1856. A daidai wannan zamani ne Giɗaɗo yake gudanar da aiki makamancin wannan a Sakkwato. Rashin kula da shi ta wannan fuska ya sa ɗalibai da dama suna ɗaukar jakadanci a matsayin baƙon abu, alhali kalmomin jakada da manzo da ƙofa tsofaffi ne a tsarin sarautar Hausa.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Giɗaɗo a wajejen 1776. Ya kasance cikin jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma amini ga Muhammadu Bello tun kafin jihadin 1804. Ya auri Nana Asma'u 'yar Shehu. Bayan rasuwar Shehu a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo kuwa ya zama wazirinsa. Ya ci gaba da riƙe muƙamin a zamanin Abubakar Atiku, daga baya ɗansa Abdulƙadir ya gaje shi. Ya ƙare rayuwarsa yana rubuce-rubuce, daga ciki akwai Raudul Jinan game da Shehu da Alkashfu wal Bayan game da Bello. Ya rasu a wajejen 1851.

3.0 Aikin Waziri

Waziri shi ne ƙofar manyan masarautun gabas, irin su Kano da Zazzau. Ta hannunsa wasiƙu ke fita da shiga, shi ke kai ziyara don sasanta rikici, shi ke tsayawa wajen naɗin sarakuna. Wannan aiki ya dogara ga amincin hanyar da ta haɗa Sakkwato da Kano, wadda ta ratsa ƙasar Zamfara. Saboda haka garuruwa irin su Gusau, wadda Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa, da Bunguɗu da Zurmi suna da muhimmanci ga duk mai nazarin sadarwar daular.

4.0 Giɗaɗo da Clapperton

Clapperton, wanda mutanen ƙasa suka sani da Abdullahi, ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824 bayan ya biyo ta Zurmi. Giɗaɗo ne ya karɓi baƙuncinsa, shi ne kuma mai yi masa iso wurin Bello. Ziyarar ta ƙare lafiya, har Bello ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila George na IV a kan ciniki.

Da ya dawo a 1826, al'amura sun sauya. Dangantaka ta yi tsami tsakanin Sakkwato da Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno, ga shi kuma baƙon yana ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka zuwa ga Alkanemi, ciki har da makamai. A nan ne nauyi biyu suka haɗu a kan waziri: haƙƙin baƙo da tsaron daula. Hukumar Sakkwato ta hana shi wucewa Barno, ta karɓe wasiƙar da kayan, amma ba ta taɓa lafiyarsa ba. Clapperton ya fassara wannan da cin amana. Sai dai abin da ya biyo baya ya nuna cewa tsoron yana da tushe, domin a farkon 1827 rundunar Barno ta doshi Kano har sai da Yakubu Sarkin Bauci ya tare ta. Clapperton ya rasu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu, 1827 bayan rashin lafiya, aka kuma bar yaronsa Richard Lander ya koma gida da takardunsa.

5.0 Gādonsa

Wazirci ya zauna a zuriyarsa, wato Giɗaɗawa. Jikansa Waziri Buhari ne ya fuskanci Turawa bayan faɗuwar Sakkwato a 1903, ya kuma rubuta risala yana bayyana hujjarsa ta zama tare da jama'a. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya adana tarin rubuce-rubucen gidan da manazarta ke amfana da su.

6.0 Kammalawa

Yawancin abin da ake karantawa game da ziyarar 1826 ya fito ne daga alƙalamin baƙon da aka hana wa buƙatarsa. Adalci ga tarihi yana buƙatar a auna maganarsa da wasiƙun cikin gida. Maƙalar tana ba da shawarar a bincika gidajen sarauta da na malamai a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, a tattara tsofaffin wasiƙun da ke hannunsu, a adana su kafin gara da damina su cinye su.