Amsar Tambaya: Wayar da Ta Ƙi Karɓar WhatsApp

Wani ɗan kasuwar albasa daga Madawa ya tambayi dalilin da ya sa wayarsa ta ƙi karɓar WhatsApp, alhali ta abokinsa na Buza ta karɓa. Matsalar tana ga Android, wato tsarin da ke tafiyar da wayar, domin tun Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan tsarin da bai kai Android 5.0 ba. Turo manhajar ta hanyar Xender, kamar yadda ake yi a kasuwannin Keita da Madawa, ba zai gyara komai ba, jabunta kuwa tana iya jawo a rufe masa lamba. Ya kamata ya duba lambar tsarin a saitin wayar, in ta gaza kuma babu sabuntawa, sai ya adana lambobin abokan cinikinsa ya sauya waya.