Kafin a ce na'urar musayar zafi jabu ce

Masu matatun man gyaɗa da na waken soya, da ƙannena injiniyoyi masu tasowa, ga abin da nake yawan tararwa a bakin aiki. Na'urar musayar zafi, wadda ke sanyaya mai da ruwa ba tare da sun gauraya ba, tana aiki lafiya lau da hunturu, amma bazara na kamawa sai man ya riƙa fitowa da zafinsa. Nan take a ce an sayo jabu. Galibi kuwa tun a lissafi aka kuskure.

Zafin da ke tsallakawa daga mai zuwa ruwa ya dogara da abu uku: faɗin ƙarfen da ya raba su, sauƙin ratsa shi, da tazarar zafin da ke tsakaninsu. Ta ukun nan ake yi wa riƙon sakainar kashi, alhali ba ɗaya take ba daga wannan baki zuwa wancan.

A ce mai ya shiga da digiri 90 ya fita da 50, ruwa ya shiga da 30 ya fita da 40. Idan suna gudu suna fuskantar juna, tazarar 50 ce a wannan baki, 20 a wancan. Mai gaggawa zai haɗa ya raba biyu, ya samu 35. To amma tazarar ba a miƙe take raguwa ba, shi ya sa muke aiki da matsakaicin logaridim, wanda injiniyoyi ke kira LMTD, shi kuma 32.7 ya bayar. Idan gefe ɗaya suka nufa tare, tazarar 60 ce da 10. Raba biyu zai sake ba ka 35, ainihin amsar kuwa 27.9. Duk wanda ya ƙera irin wannan ta biyun bisa 35 ɗin, faɗin na'urarsa ya gaza da kusan kashi 20 cikin 100.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwan sanyayawar kansa. Tankin da ranar Afrilu ta wuni tana duka ba zai ba ka ruwa mai digiri 30 ba. In ya shiga da 38 ya fita da 48, ko suna fuskantar juna tazarar ta faɗo zuwa 23.9, faɗin da ake buƙata ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ba a ma zo kan ɓawon da ruwan burtsatse ke barwa cikin bututu ba.

Don Allah ku auna zafin ruwanku a tsakiyar bazara, ku ba mai ƙira duka lambobin huɗu na zafin shiga da fitar mai da ruwa, kuma kada ku biya kuɗi sai ya nuna muku LMTD ɗin da ya yi aiki da shi.