Baƙuwar Bishiya da Baƙon Ƙwaro: Nazari a Kan Maina a Ƙasar Katagum

Duk wanda ya shiga Azare cikin zafin watan Afrilu, inuwar maina ce za ta fara karɓarsa. Ita ce a bakin tituna, da makarantu, da kasuwa, da harabar majami'u da masallatai. Kanawa suna ce mata darbejiya, waɗansu kuma dogon yaro. Saboda yawanta, yara da dama suna tsammani tun kaka da kakanni tana nan. Ba haka ba ne. Asalinta daga Indiya da Bama ne, a shekarar 1928 kuwa aka fara dasa ta a lardin Barno, daga can ta bazu.

Baƙuwa ce mai amfani ƙwarai, gama tana jure fari, tana saurin girma, gara kuma ba ta son itacenta. Shi ya sa bayan farin 1973 da na 1984, sa'ad da hukumomi suka dage da dasa jerin itatuwa domin tare iska da hamada, maina da turare ne suka cika gandayen renon dashe. Amma ba ta tsaya inda aka ajiye ta ba. Tsuntsaye da jemagu suna shan 'ya'yanta, su zubar da ƙwallon a ƙarƙashin tsamiya ko kuka, nan take ta tsiro ta yi cunkoso. Manomi ya san bambancinta da gawo: gawo yakan zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a gindinsa, maina kuwa takan rufe gona da inuwa ta kuma shanye laima.

Haɗarin dogara ga bishiya iri ɗaya ya bayyana a tsakiyar shekarun 1980. Wani ɗan ƙwaro, shi ma ɗan asalin Asiya, wanda masana ke kira Aonidiella orientalis, ya afka wa maina a ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi, har da Barno. Girmansa bai wuce kan allura da yawa ba. Yakan lafe a jikin ganye da ɗanyen reshe, ya rufe kansa da ɓawo mai ruwan ɗorawa, ya yi ta tsotsar ruwan bishiyar. Ganye ya ƙeƙashe kamar wuta ta taɓa shi, rassa su mutu daga sama. Ƙanana da suka ƙyanƙyashe iska ce ke ɗaukarsu, amma tafiya mai nisa mutum ne ke yi musu ita, a jikin dashen da ya saya a wani gari. Ƙwaron kuma ba ya ƙin lemo da mangwaro da gwanda. Wannan ya shafi Katagum kai tsaye, domin hanyar Maiduguri zuwa Kano ta Potiskum ta ratsa Azare.

A 1990 kuma wani ciwo dabam ya ɓulla a Jamhuriyar Nijar, ya taɓa arewacin Nijeriya. Tsofaffin ganye su kakkaɓe, a bar ɗan tuntu a ƙarshen reshe tsirara, har masu bincike suka kwatanta shi da wuyan raƙumin dawa. An nemi ƙwayar cuta ba a samu wadda za a ɗora wa laifin ba. Abin da aka fi nunawa shi ne ƙishin ruwa, da taurin ƙasa, da matse dashe wuri ɗaya. Masana suka kuma tuna cewa mainar Afirka ta Yamma daga iri kaɗan ta yaɗu, don haka kusan jini ɗaya ce: abin da ya kayar da ɗaya yana iya kayar da dubu.

Mai lura zai riƙa juya ganye ya duba bayansa kafin ya sayi dashe, ya sare reshen da ya kamu ya ƙone shi. Feshi barkatai ba dabara ba ce, gama yakan kashe ƙananan buzuzu da zanzaro masu cin ƙwaron. Abin takaici, kwamitocin dashe har yanzu sukan karɓi maina ɗari su jera, domin ita ce mai sauƙin samu, su manta da aduwa, da kurna, da kanya, da ɗorawa.

Akwai wata hanya da aka gwada a Maraɗi. Tun daga 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin tohon biyu ko uku mafi ƙarfi, suna rage sauran. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a gonakin Nijar. Irin waɗannan kututturan na sabara da kalgo da gawo suna nan a gonakin Zaki da Gamawa da Itas, suna tohowa kowace bazara kafin sassabe.