Hatimin Kariya a Kan Hoton Katin Shaida

A zamanin nan kusan kowace harka tana bukatar katin shaida. Mai neman aiki, da mai neman hayar gida, da mai buɗe asusun banki, duk akan nemi su aika da hoton katinsu ta wayar hannu ko ta intanet. Abin lura shi ne, hoton da ya bar hannun mai shi ba ya dawowa, kuma ana iya kwafarsa sau dubu ba da saninsa ba.

Ina haɗarin yake?

Hukumar NIMC, wadda aka kafa bisa dokar shekarar 2007, ita ke ba kowane ɗan ƙasa lambar NIN mai alƙaluma 11. A watan Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da umarni a haɗa wannan lamba da layukan waya. Saboda haka takardar NIN, da fasfo, da lasin tuƙi, sun zama tamkar mabuɗin gidan mutum. Idan hotonsu ya faɗa hannun mazambaci, yana iya neman rance da shi, ko ya yaudari bayin Allah da sunan mai katin. Ran da asiri ya tonu kuwa, mai katin za a fara nema.

Mene ne hatimin kariya?

Wanda ya ɗaga takardar Naira wajen haske zai ga wata alama a cikinta, wadda ke wahalar da masu buga jabu. Hatimin kariya ɗan'uwanta ne, watau rubutu mai dishi-dishi da ake shimfiɗawa a kan hoton kati, yana bayyana wanda aka ba hoton da dalilin ba shi. Ta haka hoton ba zai yi saurin karɓuwa a wani wuri dabam ba.

Yadda ake yin sa

1. A kan kwafi ake rubutun. Kada a taɓa ainihin katin.

2. Rubutun ya ƙunshi abu uku: sunan mai karɓa, da dalili, da kwanan wata. Misali: "Domin neman hayar gida kaɗai, 5 ga Maris 2025."

3. A gicciya rubutun daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ratsa fuska da bayanan katin, a kuma maimaita shi. Wanda aka ajiye a gefe, yanke shi ake yi nan take.

4. Kada ya yi duhun da zai hana karanta katin, kada kuma ya dushe har ya ɓace.

5. A yi amfani da abin gyaran hoto na cikin wayar kanta. Shafin intanet da ba a san masu shi ba yana iya riƙe hoton.

6. Wanda bai iya wannan ba, sai ya yi fotokwafi, ya rubuta da biro a kai, sa'an nan ya ɗauki hotonsa.

Iyakar amfaninsa

Lalle jama'a su sani hatimi ba ya ɓoye lamba, kuma gwanin kwamfuta yana iya goge shi. Don haka in ba a bukatar lambar, a rufe ta. Kafin a aika, a tambayi mai nema me zai yi da hoton. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba ɗan ƙasa wannan haƙƙi, ta kuma kafa hukumar NDPC mai karɓar ƙorafi. Haka nan dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri ko tara ga mai sojan gona da shaidar wani.

Wanda ya yi aiki a shagon kwamfuta ya tsaya a goge hoton a gabansa. Wanda kuma ya fahimci wannan darasi, wajibi ne ya karantar da iyalinsa da maƙwabtansa, domin rigakafi ya fi magani.